Ƙafar da Baba Thaddeus ya ba da aro

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu a Dutse Alhaji, Baba Thaddeus ya riga ya share gindin rumfarsa. Rumfar ba abar kallo ba ce. Tsohon kwano ne a kan sanduna, a gefen hanyar Bwari, tsakanin mai shayi da mai facin taya. Yakan zauna a kan kututture, ya shimfiɗa buhu a cinya, ya jera basilla da zare da wuƙa da gwangwanin gam, ya yi alamar gicciye, sannan ya jawo takalmin farko. Direbobi da masu gadi da ke aiki a Maitama su ne ke fara zuwa, domin su ne masu sammako. Su zube masa takalman iyayen gidansu, su ce oga yana so da yamma, su wuce. Ni ma ta haka na san shi. Direba ne ni, unguwarmu ɗaya, cocinmu ɗaya.

Wanda ya tsaya ya lura zai ga wani abu a ƙafar wannan shumeka. Da wuya ka same shi da takalma biyu masu kama da juna. Yau na dama ya fi na hagu faɗi, gobe na hagu ya fi tudu. Sai ka ga ya miƙe ba gaira ba dalili, ya taka zuwa bakin famfo, ya dawo, ya hau tudun bayan rumfa, ya sauko. Can sai ya tsaya cak, ya ɓata fuska, ya cire takalmin, ya cusa hannu a ciki yana lalube. Ya sa wuƙa ya kankare wani wuri da ido ba ya gani, ya mayar, ya sake takawa. Mai shayi yakan ɗaga murya ya ce, "Baba Tadi, yau ma faretin ne?" Shi kuma ya ce, "Zuba mini shayina, kada ya huce." Wasu sun ɗauka rowa ce ta hana shi saya wa kansa takalmin kirki. Wasu sun ce kansa ne ba daidai ba.

A ƙarshen wannan wata Baba Thaddeus zai ajiye basilla ya koma garinsu. Ba za a yi masa liyafa a otal ba, ba za a rataya masa lamba ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ban yi karatu mai zurfi ba. A garin nan mun iya yabon mai rawani da mai kujera, mun iya tafi idan babban mutum ya raba buhunan shinkafa a gaban kyamara. Wanda ya durƙusa ya riƙe ƙafar da kowa ke ƙyama, shi ba mu san sunansa ba. To, yau za ku sani.

Abin ya faro ne fiye da shekara ashirin da suka wuce, ranar da wani mutum mai suna Yamusa ya tsaya a bakin rumfar. Yamusa ya yi fama da kuturta, ta cinye masa yatsun hannu, a lokacin kuma bara yake yi a mahaɗar motoci. Maɗaurin takalminsa ne ya tsinke. Ya riga ya je wurin shumeka biyu, kowanne ya ce ba shi da zare. Baba Thaddeus ya karɓa. Da ya juya takalmin sai ya ga cikinsa jage-jage da jini, ga kan ƙusa ya ɓullo ta tsakiya. Ya ce, "Malam, nuna mini ƙafarka." Yamusa ya ɗaga, ya leƙa, shi ma sai a lokacin ya gani. Har yau idan yana ba da labarin dariya yake yi. Ya ce, "Tun daga Zuba muke tafe ni da ita, ko sallama ba ta yi mini ba."

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba, kuma ba mu damu mu sani ba. Kuturta tana warkewa da magani, wanda ya sha maganin kuma ba ya sa wa kowa. Sai dai takan tafi ta bar jijiyoyin ƙafa a mace. Ƙaya ta soke mutum bai ji ba, tsakuwa ta kwana a takalminsa bai ji ba, ɗinki ya goge masa fata yini guda bai ji ba. Ƙaramin ciwo ya zama gyambo, gyambo ya kai ƙashi, daga nan sai wuƙar likita. Zafin da muke kuka da shi, shi ne mai gadin ƙafarmu. Su nasu mai gadin ya tafi.

Yamusa ne ya kai shi unguwarsu, Tudun Lafiya, can bayan Kwali, inda waɗanda suka warke daga ciwon suke zaune da iyalansu saboda garuruwansu sun ƙi karɓarsu. Tun daga lokacin, kowace Asabar Baba Thaddeus yakan rufe rumfa, ya hau mota zuwa Zuba, ya canza zuwa Gwagwalada, ya sake canzawa zuwa Kwali, ya ƙarasa a kan babur da buhunsa a baya. Asabar ita ce ranar ciniki ga shumeka, domin kowa na son takalminsa ya yi ƙyalli ranar Lahadi. Ita ya sadaukar.

A can akwai ƙaramin ɗakin shan magani, da nas guda, Sista Rukayyat. Ita ta koya masa abin da ƙafar ke buƙata, shi kuma ya kawo abin da hannunsa ya iya. Ƙasan takalmin tayar mota ce, don ƙaya ba ta huda ta. Cikinsa roba mai laushi. Gabansa mai faɗi, don kada ya matse abin da ya rage na yatsu. Ƙusa ko ɗaya ba ta shiga, sai ɗinki da gam. Maɗaurin ma ya yi shi yadda mutum zai buɗe da gefen hannu, domin yawancinsu Musulmi ne, kuma ya ga yadda suke jiran wani ya kwance musu takalmi kafin su yi alwala. Ba wanda ya roƙe shi wannan. Gani ya yi.

Saura matsala ɗaya. Idan ka ɗinka wa mai lafiya takalmi ya matse shi, zai dawo ya zage ka, ka gyara. Waɗannan ba za su dawo ba sai da jini. To, wa zai gaya masa inda ɗinki ke cizo? Amsar ita ce faretin da mai shayi ke yi wa dariya. Duk takalmin da ya ɗinka, sai ya sa shi a tasa ƙafar ya yini da shi. Idan ya yi masa yawa ya cusa tsumma. Idan ya yi masa kaɗan ya kai gida, matarsa Mama Angela ta sa, ta yi shara da shi, ta je famfo da shi, da yamma ta ce, "Nan wajen dunduniya yana ci." Ƙafarsa ta sha kanta da bororo ba iyaka. Da zarar fatarsa ta yi ja a wani wuri, ya san ya ceci wani daga gyambo a daidai wurin.

Kai ne, Baba Tadi, ka ji wa mutane zafin da ba za su iya ji wa kansu ba. Mu a coci sau ɗaya a shekara, ranar Alhamis ɗin da ke gaban Ista, muke tuna cewa Ubangijinmu Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun mutanensa. Sai a zaɓo dattawa, kowa ya dirje ƙafarsa a gida da sabulu mai ƙamshi, ya yanke farce, ya zo a yayyafa masa ruwa, mu koma gida muna jin mun yi ibada. Ban raina wannan ba. Amma kai kowane mako kake yi, ga ƙafafun da ba wanda ya shirya su don a gani. Ka jiƙa su a baho, ka goge kaushi da dutse, ka shafa man kaɗanya, ka buɗe tsakanin yatsu kana dubawa. Ka kafa musu doka kuma: ba mai sa takalmi sai ya zazzage shi ya cusa hannu a ciki.

Yamusa, wanda yanzu shi ne babba a unguwar, Fasto yake kiran Baba Thaddeus don tsokana, shi kuma ya ce masa Sarki. Na taɓa tambayar Yamusa ko Baba Thaddeus yana yi musu wa'azi. Ya ce, "Ina fa! Shekara da shekaru ina jira ya ce in zo coci in ba shi amsar da na tanada, ya ƙi tambaya. Idan an kira salla ma shi ke cewa, Sarki tashi, an kira ku."

Yanzu bari in zo kan Batulu, domin a kanta ne na ga iyakar mutumin nan.

Batulu mace ce mai kaifin baki, ta haura hamsin, tana riƙe da jikokinta marayu. Ciwon bai taɓa fuskarta ba, bai taɓa hannunta ba, ƙafa kawai ya kama. Saboda haka a kasuwar Kwali, inda take sayar da soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba wanda ya san daga inda take fitowa. Tana da gyambo a tafin ƙafar dama wanda ya ƙi rufewa. Sista Rukayyat ta wanke, ta ɗaure, Baba Thaddeus ya ɗinka takalmi na musamman da rami a daidai ciwon don kada nauyi ya sauka a kansa. Watanni suka wuce, gyambo sai zurfi yake yi. Ran nan Sista ta faɗa mata a gaban Baba Thaddeus, ba ɓoye-ɓoye: idan ya kai ƙashi, za ta tura ta babban asibiti, kuma daga ƙasan gwiwa za a yanke.

Baba Thaddeus ya ɗauka laifin aikinsa ne. Ya karɓi takalmin ya cusa hannu, bai ji komai ba. Sai ya juya ƙasansa. Zanen tayar na nan raɗau kamar jiya aka yanko ta.

Ya ce, "Batulu, ke tsuntsuwa ce?"

Ta ce, "Me ka gani, Baba Tadi?"

"Wata da watanni kina taka takalmin nan, ko ƙasa bai ci ba. Na ce ko tashi kike yi sama."

Yamusa na gefe ya ce, "A ka take ɗora shi, Fasto, kamar tulu."

Batulu ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ku yi ta yi. Baba Tadi, ka taɓa zama a bakin faranti da wannan abu a ƙafarka? Ranar farko da na sa shi, wata mata ta ɗauki ƙullin gyaɗa, ta sunkuya za ta kwance bakin zane, idonta ya sauka a ƙafata. Ta ajiye gyaɗar. Ta goge hannunta a zane, a gabana, ta ja 'yarta suka wuce. Duk Kwali an san takalmin nan. Baƙi, ƙato, mai faɗin baki. Na kutare ne. Tun daga ranar, ina sauka daga babur nake cusa shi a ƙasan kwando in sa silifas."

Sista Rukayyat ta ce, "Iya, ƙafarki ce fa."

Ta ce, "Na sani, 'yata. Ƙafa tawa ce. Cikin yaran nan fa? Idan aka daina sayen gyaɗata, takalmi zan dafa musu?"

Baba Thaddeus ya tattara kayansa ya kama hanya. Daga baya ya gaya mini cewa a mota ya yi ta juya maganar har Zuba. Shi yana ganin ya ɗinka mata kariya, ashe tambari ya ɗinka mata.

Ya fara da abin da ya iya. Ya samo jar fata, ya yi wa maɗaurin ado, ya jera duwatsu irin na takalman biki. Batulu ta kai shi kasuwa sau ɗaya ta dawo da shi. Ta ce, "Ka yi masa kwalliya, amma bakinsa na nan. Ba launin suke kallo ba." Gaskiyarta. Faɗin gaban da kaurin ƙasan su ne maganin, su ne kuma abin da ke tona ta. Ba yadda za a rage su.

Mama Angela ce ta ga hanya. Tana tankaɗe yana ba ta labari, sai ta ce, "Ni fa shekara nawa ina sa takalman nan a cikin gida, bayana bai taɓa samun sauƙi irin haka ba. An san su da na kutare ne don su kaɗai ke sawa. Ɗinka mini nawa." Ya ɗinka mata, ya ɗinka wa kansa. Ranar Lahadi suka shigo coci da su, ita da sabon zane da ɗankwali, ga baƙin takalmi mai faɗin baki a ƙasa.

Ina wurin lokacin da Albert, shugaban kwamitin cocinmu, ya tare ta a bakin ƙofa. Mutum ne mai son tsari, kullum da kwat. Ya rage murya ya ce, "Mama Angela, da wannan za ki je gaban bagade karɓar jibin Ubangiji?"

Ta ce, "Da baki zan karɓa, Oga Albert, ba da ƙafa ba."

Ya ce, "Ba wasa nake ba. Mutane za su ce ciwon ya shiga gidanku."

Ta ce, "Su ce. Matsa in wuce, an fara waƙa."

Kuma sun ce ɗin. Kada wani ya ɗauka abin ya zo musu a banza. Mama Angela kunu take sayarwa a bakin layi, aka wayi gari rabin masu sayenta sun koma wani wuri. Magana ta kai Maitama ta bakin direbobi cewa shumekan Dutse ƙafar kutare yake wankewa, wasu gidaje suka daina aiko da takalma. Mutanen da suka yi karatu har ƙasashen waje, sun san ciwo ba ya bin fatar takalmi, amma suka janye. Cikinmu masu zuwa coci ma akwai waɗanda suka daina ba shi hannu lokacin gaisuwar salama, sai su ɗaga masa daga nesa. Na faɗa ne don a sani, ba don in kunyata kowa ba. Wanda ya ji kunya kuma, daidai ne.

Mama Angela ta kai maganar gaban zumuntar matan coci. Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce akwai wata mace da za a yanke wa ƙafa saboda tana jin kunyar takalmi, kuma kunyar nan mu muka ɗora mata. Da yawa suka sunkuyar da kai. Wata ta ce mijinta ba zai yarda ba. Wata ta ce a tara mata taimako dai a aika. Mama Angela ta ce, "Ba taimako take nema ba, tana da sana'arta. Ƙafafunku nake so." 'Yan kaɗan suka miƙa. Baba Thaddeus ya ɗora ƙafar kowacce a kan kwali ya zana, ya yi makonni yana ɗinki, idonsa ya yi ja.

Ranar kasuwar Kwali ni na tuƙa su a motar coci. Suka sauka cikin ankon zumunta, kowacce ta ɗan ɗage zane don a ga ƙafa, suka ratsa layin doya, suka ratsa layin tukwane, mutane na bin ƙafafunsu da kallo. Suka zo suka kewaye farantin Batulu suka zauna. Ba ta san za su zo ba. Ta dubi ƙafafun, ta dubi fuskokin.

Mama Angela ta ɗauki ƙuli-ƙuli ta gatsa, ta ɗaga murya yadda layin duka zai ji. "Hajiya, ina naki? Ke kaɗai aka bari a baya da silifas?"

Batulu ta dubi kwandonta. Ta san idan ta fito da shi, ta gama ɓoyewa ke nan har abada. Sai ta sa hannu a ƙasan kwando ta jawo shi. Ta zazzage, ta cusa hannu a ciki kamar yadda aka koya mata, ta sa.

Wata mai sayar da doya a gefenta, ƙatuwar mace, ta kama ƙugu ta ce, "Tsaya. Wannan ba takalmin mutanen can ba ne?"

Mama Angela ta ce, "Nasu ne, namu ne. Tun safe kike tsaye, ko? Sa ki ji." Ta cire nata ta tura mata.

Matar ta dubi takalmin kamar zai cije ta. Ta dubi matan zumunta suna ta cin gyaɗa. Ta ce, "Ku dai ba ku da tsoro." Wata daga cikinsu ta ce, "Ciwon da aka warke tun kafin ki yi aure? Sa mana, Madam." Ta zura ƙafa ɗaya. Ta taka. Ta zura ta biyu, ta je bakin tulin doyarta ta dawo. Ta ce, "Kai! Wannan ai katifa ce. Wa ke ɗinkawa?"

Ba zan yi muku ƙarya in ce a ranar komai ya gyaru ba. Akwai masu sayen gyaɗar Batulu da suka tafi ba su dawo ba har yau. Matan zumunta sai da suka yi ta komawa ranar kasuwa har damina ta yi nisa, wata rana su da yawa, wata rana Mama Angela ita kaɗai. Amma mai doya ta sa an ɗinka mata, mai manja ta bi, matan da ke dakon kaya suka bi. Takalmin da aka sani da na kutare ya koma na masu tsayuwa, Tadi ma suke kiransa. Idan ka ga mace da shi a Kwali yanzu, ba ka isa ka ce ga inda ta fito ba. Albert ma yana da nasa. Ya ce don gwiwa ne. Allah ya ba gwiwar lafiya.

Batulu ta riƙe takalminta safe da yamma. Kafin kaka gyambon ya fara tsukewa. Ƙaramin yatsa ɗaya ya riga ya lalace, an cire shi. Amma ranar da Sista Rukayyat ta kwance bandeji ta ga sabuwar fata ta rufe wurin, ta kira Baba Thaddeus ta ce, "Baba, zo ka gani. Ba inda zan tura ta." Ya durƙusa ya danna wurin da babban yatsa, ya daɗe a durƙushe. Batulu ta ce, "To, ka tashi mana, ko sai ka jiƙa mini ita da hawaye?"

Kai ne ka gane cewa ba ƙaya kaɗai ke huda ƙafa ba, idon mutane ma yana yi. Kai da matarka kuka ɗauki abin kunyar kuka sa a jikinku har ya daina zama abin kunya. Ni iyakar abin da na fahimta game da ƙaunar Almasihu ke nan, kuma ba daga bakin mai wa'azi na fahimce shi ba. Tadi na Angela, mai basilla, sannu da aiki.

Saura in faɗi dalilin da ya sa yake ajiye aikin, domin ba gajiya ba ce. Ciwon suga ya kama shi shekarun baya, irin wanda ke kashe jijiyoyin ƙafa. Watannin da suka wuce, Farouk, shumekan da suka daɗe suna raba rumfa da shi, ya ga jini a inda Baba Thaddeus ya taka. Ya ce, "Baba, ɗaga ƙafarka." Ƙaramar ƙusa ce, irin ta takalman Maitama, ta shige har kai. Bai ji ba. Ya zauna a kan kututturensa yana kallonta. Sai ya ce, "Farouk, ƙafata ta daina gaya mini gaskiya. Ba zan ba mutum takalmin da ban ji ba."

Asabar da ta wuce na kai shi Tudun Lafiya yin sallama. An taru a gindin bishiyar da yake aiki. Ya fara magana ke nan sai ga Batulu ta ratso taron a kan ƙafafunta biyu, da baho a ka. Ta dire shi a gabansa ta ce, "Cire."

Ya ce, "Haba Batulu, a gaban mutane?"

Ta ce, "Mu a ɗaki ka yi mana? Cire, Baba Tadi. Dokarka ce."

Ya cire. Ta jiƙa ƙafafun, ta goge kaushin, ta buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta duba inda ƙusar ta shiga, ta shafa man kaɗanya. Sannan ta ɗauki takalminsa ta cusa hannu. Ta tsaya. Ta fito da 'yar tsakuwa ta ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Da wannan ka zo tun daga Dutse," in ji ta. Ta juya wajen Mama Angela. "Mama, kullum da safe ki duba masa. Kada ki yarda da shi, ba ya ji."

Yamusa ya matsa a kan bencinsa ya buga wurin da ke kusa da shi da dungulmin hannu. Ya ce, "Zo zauna, Fasto. Yau ka zama ɗan gari."

Baba Thaddeus, mun gode. Na gode a madadin waɗanda ke tafiya yau da ƙafafun da da an yanke, da jikokin Batulu da ba su kwana da yunwa ba, da mu da ka nuna wa abin da muke furtawa da baki ranar Lahadi. Mama Angela, mun gode, da ke da matan da suka miƙa ƙafa ranar da wasu suka sunkuyar da kai. Allah ya kai ku gida lafiya, ya tsare ƙafar da ta tsare na wasu.

Ku kuma masu karatu, ban rubuta wannan don ku ce Allah sarki ku juya shafi ba. Farouk ya karɓi ɗinkin, hannunsa ya faɗa, ya kuma yi alkawarin zuwa Kwali duk Asabar. Amma ƙafa biyu gare shi, takalman kuwa iri-iri ne, na maza da na mata, manya da ƙanana. Kowanne yana buƙatar wanda zai yini da shi ya dawo ya ce nan yake ci. Ba a neman takardar shaidarka, ba a tambayar addininka. Idan ƙafarka tana jin zafi, kana da abin da wani ya rasa. Rumfar tana nan inda take, tsakanin mai shayi da mai faci. Je ka zauna a kan kututturen, ka cire takalminka, Farouk ya auna.